Tarin Auta

A ƙasar Adar, in an gama girbi, an ɗaure damman hatsi an zuba a rumbu, sai iska ta juya. Takan taso daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura. Hunturu ke nan. Yakan fara wajen watan Nuwamba, ya kai har Fabrairu. Wata rana hazo yakan rufe duwatsun Allakai, har mai zuwa rijiya ba ya hango bakin gari. Ƙurar nan daga nesa take zuwa. Da yawa daga cikinta tana tasowa ne daga wani kwari da ke arewacin ƙasar Cadi, ana ce da shi Bodele. A zamanin da ruwan babban tafki ne ya kwanta a wurin. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar ƙasa mai laushi kamar toka, iska tana kwasa tana kawo mana.

A wannan lokaci, in kun bi ta cikin gari da asuba, gida-gida za ku ji ana tari. Tsofaffi suna yi, yara suna yi. Saboda yawansa, mutane sukan raina shi. Sukan ce: "Ai sanyi ne, zai wuce." Sau da yawa kuwa yakan wuce. Amma akwai tarin da ba ya wucewa. Akwai kuma wanda yakan tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. A kan irin wannan nake so in ba ku labari. Ni malamin makaranta ne, ba likita ba. Abin da na gani a gidana, da abin da likita ya koya mana, shi zan faɗa muku.

Me ke kawo tari?

Iskar da muke shaƙa takan shiga ta hanci, ta bi maƙogwaro, ta gangara cikin ƙirji. A can hanyar takan rabu biyu, ɗaya ta nufi huhun dama, ɗaya ta nufi huhun hagu. Kowace kuma takan yi ta rabuwa kamar rassan icce, har ta zama siririya ƙwarai. In ƙura, ko hayaƙi, ko majina ta shiga hanyoyin nan, sai jiki ya turo iska da ƙarfi don ya fitar da ita. Wannan shi ne tari. Ashe tari tsintsiya ce da jiki yake share hanyar iska da ita.

Hanyoyin iska na ƙaramin yaro ƙanana ne. Abu kaɗan yakan toshe su. Kuma jikinsa bai riga ya saba da cututtuka ba. Shi ya sa yaro mai lafiya ma yakan yi mura sau 6 ko 8 a shekara, kowace mura kuwa tana iya barin tari na sati 1 ko 2. Amma cututtuka da yawa suna fitowa da tari: mura, ciwon huhu, tarin shiƙa, tarin fuka, asma, ƙyanda. Har ƙwayar gujiya in ta sarƙe yaro ta faɗa hanyar iska, tana sa tarin da ba ya jin magani. Sautin kusan ɗaya ne, amma maganin kowanne daban. Wahalar ke nan.

Yadda abin ya fara

A hunturun 2023 ɗana na ƙarshe yana da shekara 2 da wata 3. Auta muke ce masa. Ya yi mura a ƙarshen Nuwamba, ta warke, tari ya tsaya. Da rana yana wasa kamar kowa. In dare ya raba sai ya tashi da tari, ya yi ta yi har ya yi amai. Ya yi kwana 4 lafiya, sai abin ya dawo. Uwarsa ba ta barci, mu ma ba ma yi.

Masu ba da shawara suka yi yawa. Wata maƙwabciya ta ce a sayo siro wurin mai tallar magani ranar kasuwa. Wani ya ce a turara masa hayaƙin saiwa. Mahaifiyata kuwa, wadda muke kira Inna, ta ce beli ne ya sauko, a kira wanzami ya cire.

Muka kai shi asibitin gari. Likita ya ɗaga rigarsa, ya dubi ƙirjinsa, ya saurara da abin sauraro, ya ɗora shi a sikeli. Sannan ya shiga tambaya. Tun yaushe yake tari? Da dare ya fi yi ko da rana? Yana zazzaɓi? Yana cin abinci? Uwarsa ta ce kwana 10 ke nan. Inna ta ce tun kaka yake yi. Kowace kuwa gaskiyarta ta faɗa, don wanda ba ya barci kwanaki sukan cakuɗe masa.

Likita ya juyo ya ce mini: "Malam, yau ƙirjinsa lafiya lau. Amma ni minti 10 nake ganinsa, ku kuwa kuna tare da shi dare da rana. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Akwai ɗan makaranta a gidan?"

Na ce akwai yayarsa, tana aji 5. Ya ce: "To, a ba ta kaye da biro."

Kayen Yaya

Ga aikin da likita ya ba ta. Ta ja layi 5 a kowane shafi. A na farko ta rubuta kwanan wata. A na biyu ta rubuta ko Auta ya yi tari, da dare ko da rana. A na uku, ko jikinsa ya yi zafi. A na huɗu, ko an yi hazo, ko an hura wuta a ɗaki. A na biyar kuwa ta rubuta yawan numfashinsa a minti 1.

Ƙirga numfashi ba wuya. Sai yaro ya natsu, ko yana barci, don mai kuka numfashinsa yakan ƙaru. A ɗaga rigarsa, a dubi cikinsa da ƙirjinsa. In ya taso ya koma, 1 ke nan. Wani ya riƙe agogo ko salula, wani ya ƙirga, har minti 1 ya cika cif. Likita ya rubuta mata iyaka a bangon kaye, ya ce ita ce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya:

Jariri da bai kai wata 2 ba: 60 ko fiye, numfashi ya yi sauri.
Daga wata 2 zuwa wata 11: 50 ko fiye.
Daga shekara 1 zuwa shekara 5: 40 ko fiye.

Ya ƙara da cewa akwai alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu. In yaro ya kasa sha ko ya kasa kama nono. In yana amayar da duk abin da ya ci. In ya yi jijjiga. In ya yi laushi, ana tashinsa ba ya tashi. In ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska. Ko ɗaya aka gani, sai asibiti.

Kowane dare bayan sallar isha'i, Yaya takan zauna kusa da Auta da fitila. Ni ina riƙe salula, ita tana ƙirga. Ran farko 30. Kashegari 28. Sannan 32.

Maganar beli

Inna ba ta bar maganar wanzami ba. Kada ku ce rashin sani ne kawai. Inna ta haifi ƴaƴa 9, ta binne 3. Biyu daga cikinsu tarin shiƙa ne ya ɗauke su a shekara ɗaya, tun ba a kawo allurar rigakafi ƙauyensu ba. In ta ji yaro yana tari da dare, waɗancan take tunawa. So take a yi wani abu, yau, ba gobe ba.

Wata safiya ta ce mini: "Kai ɗan nan, mu da munka haihu mun san ciwo. Kai ma an cire maka, ga ka nan da ranka. Kuna zaune kuna rubutu, mijina yana wahala." Mijinta take ce wa Auta, irin wasan kaka da jika.

Na durƙusa na ce: "Inna, gaskiyarki, kin fi mu sanin ciwo. Alfarma nake roƙo. Mu je tare ki ji bakin likita. In ya so, abin da kika gani."

Muka je. Likita ya gaishe ta, ya ba ta kujera. Ya buɗe bakin Auta, ya haska da tocila, ya ce: "Inna, matso ki gani." Ta leƙa. Ya ce: "Ga belin nan, ɗan ƙarami, bai kumbura ba. Allah ya sa shi nan don in yaro ya haɗiyi abinci ya taimaka wurin rufe hanyar hanci. Tarin kuwa daga can ƙasa yake fitowa, cikin ƙirji, inda aska ba ta kaiwa. In an yanke, yaro yana iya zubar da jini da yawa. Wurin yana iya ruruwa ya hana shi cin abinci. Askar da ta taɓa wani tana iya kawo masa wata cutar. Tarin kuma yana nan."

Inna ta yi shiru. Can ta ce: "To, na ba ku sati 2." Wanzamin unguwarmu mutumin kirki ne, shi ya yi wa duk ƴaƴana askin suna, har yau shi ke yi mini aski. Amma ba mu kira shi don wannan ba.

Siron kasuwa ma likita ya hana. Ya ce maganin da ya wuni a rana cikin tire ba a san abin da ya zama ba, ba a kuma san inda aka yi shi ba. A 2022, a ƙasar Gambiya, yara wajen 70 suka mutu bayan sun sha siro mai guba a ciki. Ko siro mai kyau ma, in ji shi, ba ya warkar da tarin ƙaramin yaro. Abin da ya ce a ba Auta shi ne ruwa da yawa, da kunu mai ɗumi, da ƙaramin cokali na zuma kafin barci. Amma ya ja kunnenmu: ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, don tana iya sa masa ciwo mai tsanani.

Daren da lissafi ya canza

A dare na 9, jikin Auta ya yi zafi, ya ƙi tuwo. Da ya yi barci Yaya ta ƙirga. Ta ɗago ta ce: "Baba, 48." Na ce ta sake. Ta sake, 50. Tarin daren nan bai fi na sauran darare ƙarfi ba. Da kunne kaɗai muka bi, da mun ce irin na kullum ne. Amma iyakarsa 40 ce, ga ta a rubuce a bangon kaye.

Uwarsa ta goya shi, ta lulluɓe shi da zane, muka fita cikin sanyi. Likita ya ƙirga da kansa, ya sami 52. Ya ce ciwon huhu ne, wanda wasu ke kira ciwon haƙarƙari. Ƙwayoyin cuta sun sauka cikin huhu, majina ta cika wuraren da iska ke shiga, shi ya sa yaro yake numfashi da sauri don ya sami abin da zai ishe shi. Ya gwada jininsa, babu zazzaɓin cizon sauro. Ya ba shi amoksisilin, ƙwayar da ake narkawa a ruwa, safe da yamma har kwana 5. Ya ce ko ya warware a kwana 2, kada a tsaya, sai an cika kwanakin. In an tsaya a tsakiya, ciwon yana iya dawowa.

Ran kwana na 3 Yaya ta ƙirga 34. Auta ya nemi fura da kansa.

Ciwon huhu ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 ya kashe yara fiye da 740,000 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Da yawansu ba rashin magani a duniya ne ya kashe su ba. Jinkirin zuwa asibiti ne.

Abin da kaye ya nuna

Ciwon huhu ya warke, amma tarin dare bai bar Auta ba. Da sati 2 na Inna suka cika, muka koma da kaye. Likita ya ce duk tarin da ya wuce kwana 14 sai an binciki tarin fuka. Ya tambaya: "Akwai babba mai tari a gidan?" Akwai. Ƙanena ya dawo daga ci-rani a Abijan, kamar yadda samarin Adar da yawa suke zuwa su dawo, kuma yana ɗan tari. Yana son Auta, kullum yana ɗauke da shi.

Tarin fuka daga mutum yake zuwa wurin mutum, ta iska. Wani likitan Jamus mai suna Robert Koch ne ya gano ƙwayar cutar a 1882. Ƙaramin yaro sau da yawa a gida yake ɗaukarta, wurin babba. Alamominta ga yaro su ne tari mai daɗewa, zazzaɓi, rashin kuzari, da nauyin da ba ya ƙaruwa. Tana warkewa, amma sai an sha magani wata da watanni ba fashi. Ga babba wata 6 ne. Ba abin kunya ba ce. Aka gwada kakin ƙanena a Buza. Kwanakin jiran amsa sun yi mana tsawo. Amsa ta zo, ba shi da ita. Tarin taba ne. Nauyin Auta ma yana hawa a kan takardar awo.

Sai likita ya buɗe kaye, ya bi layi na biyu da na huɗu da yatsa. Ya kira Yaya ya ce: "Ƴata, me kika gani?" Ta duba ta ce: "Ranar da aka sa kasko a ɗaki, ko aka yi hazo, ranar yake tari." Haka ne kuwa. Kusan duk dararen tari sun faɗo a kan ɗayan biyun nan. A ranar kuma likita ya ji wani ɗan fito a ƙirjin Auta in yana fitar da iska. Ya ce akwai yaran da hanyoyin iskarsu sukan tsuke in sun gamu da hayaƙi, ko ƙura, ko sanyi, ko mura. Wasu abin yakan bar su in sun girma. Wasu yakan zama asma. Ya rubuta maganin shaƙa mai suna salbutamol. Ya huda gindin wata gorar roba mai tsabta, ya sa maganin a nan, ya nuna wa uwarsa yadda za ta fesa a ciki yaro ya shaƙa ta ɗayan gefen in tarin ya taso.

Sauran maganin kuwa a gida yake. Muka daina sa kaskon wuta a ɗakin barci, muka ƙara bargo da hula. Uwarsa ta daina goya shi in tana girki da kara, Inna ce ke riƙe shi can nesa da murhu. Aka gina murhun laka irin wanda ake kira Albarka, mai cin itace kaɗan, a gefen da iska ke kwashe hayaƙi waje. Kafin shara sai an yayyafa ruwa. Ranar hazo a ɗaki yake wasa. Ƙanena in zai sha taba sai ya fita ƙofar gida. Tarin bai ɗauke rana ɗaya ba. Amma a watan Janairu darare 3 kaɗai Yaya ta rubuta. Inna ba ta sake maganar beli ba. Ita ce ma take korar mai hayaƙi daga wurin mijinta.

Rigakafi ya fi magani

Abu ɗaya ya kwantar da hankalin likita tun ran farko: karnen Auta a cike yake. An yi masa BCG da aka haife shi, ita ce ke kare jarirai daga mummunan tarin fuka. An yi masa allura a sati 6, da sati 10, da sati 14. A cikinta akwai rigakafin tarin shiƙa, ciwon da ya ɗauki yayyena biyu. Tun 2008 Nijar ta fara ba da wannan allura mai haɗe da rigakafin cuta 5. A 2014 aka ƙara wata mai kare yara daga wata ƙwayar da ke kawo ciwon huhu. A wata 9 kuma aka yi masa ta ƙyanda. A 2006 ne gwamnati ta yanke cewa a duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta a asibitocinta, don kada rashin kuɗi ya tsare uwa a gida.

Ƙura ma ana iya rage ta. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, don su tare iska. A 1984 aka fara babban aikin Keita na gyaran ƙasa da dashen itatuwa. Don gonaki aka yi su, amma iccen da ya tare iska a gona ya rage ƙurar da ke shiga ƙirjin yaro.

Ku ƴan makaranta, kusan kowanenku yana da ƙane ko ƙanwa a gida. Ba ku ne za ku ba da magani ba, wannan aikin likita ne. Amma kun iya ƙirga, kun iya duba agogo, kun iya rubuta kwanan wata. A gidaje da yawa ku kaɗai kuka iya. In ƙaninku ya fara tari, ku rubuta ranar. Ku ƙirga numfashinsa in ya yi barci. In ya kai iyaka, ko tarin ya wuce kwana 14, ku gaya wa iyayenku cikin ladabi, ku nuna musu abin da kuka rubuta. Ku duba karnensa, ku tuna wa innarku ranar allura.

Tambayoyi

1. Don me jiki yake yin tari?
2. Yaro mai wata 8 yana numfashi 44 a minti 1. Wani mai shekara 3 shi ma 44. Wanne za a kai asibiti? Don me?
3. Me ya sa Inna take son a kira wanzami? Yaya aka yi ta canza ra'ayi?
4. Ku faɗi abubuwa 3 da suke kawo hayaƙi ko ƙura a gidanku.

Aiki

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya duba agogo, ɗaya ya ƙirga numfashin abokinsa har minti 1. Ku rubuta. Ku zagaya filin makaranta da gudu, ku sake ƙirgawa. Da dare ku ƙirga na ƙaninku yana barci, ku kawo lissafin gobe.